Fulawata ta langaɓe, ga shi kullum tana shan ruwa

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Masu sanin shuka don Allah ku agaza min. Ina da fulawa a falo, irin wadda masu sayarwa ke ce wa fis lili, mai ganye kore shar da farin fure. Tun da sanyin nan ya shigo ta yi yaushi, ganyen duk sun kwanta a bakin tukunya. Na ƙara mata ruwa, safe da yamma, ko gezau. Yanzu kuma ganyen ƙasa sun fara zama rawaya. Ga hotonta nan. Ina Tunfure, a Gombe.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam 'yata. Ai wannan ba sai an tambaya ba, iskar hunturu ce. Dubi leɓunan yara yadda suke tsagewa, ina ga ganye? Ruwan ne bai ishe ta ba. Ki riƙa ba ta har sau uku, ki samo kashin kaji ki barbaɗa mata. Lallen da ke bayan ɗakina haka nake masa shekara da shekaru.

Amaryar Nasarawo: Nima tawa haka ta yi wallahi. Ina nan gefe ina jiran amsa.

Mai Lambun Dadin Kowa: Hajiya barka da war haka, a yi min afuwa zan ɗan saɓa. Maman 'Yan Biyu, kafin ki ƙara mata ko ɗigo, yi min abu uku. Ki tura yatsanki cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, ki gaya mana a bushe take ko a jiƙe. Ki ɗaga tukunyar ki ji nauyinta. Sannan ki leƙa gindinta, akwai huji ko babu?

Hajiya Babba: To likitan fulawa ya iso. Shuka ta yi yaushi a tsakiyar hunturu, a ce wai sai an auna ta?

Mai Lambun Dadin Kowa: Hajiya, dalilina shi ne ganye ba ya tsayawa sai da ruwan da ya cika shi ya ɗame shi daga ciki. In ruwan nan ya ragu sai ya langaɓe. To hanya biyu ce ke kawo hakan. Ko dai babu ruwa a ƙasar, ko kuma ruwan na nan jingim amma saiwar da za ta ja shi ta mutu. A ido duk ɗaya suke. Shi ya sa mutum zai ga yaushi ya ɗauko buta, alhali butar ce ta jawo yaushin.

Ita saiwa numfashi take yi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan kafofi da iska ke zama. In kullum ƙasar a cike take da ruwa, iskar ta fita, saiwa ta shaƙe, sai ƙwayoyin cuta masu son laima su hau ta ta ruɓe. Lallen Hajiya a ƙasa yake, a fili, rana na dukansa, ruwan da aka zuba yana da inda zai tsiyaye. Wannan kuwa tana cikin tukunya a inuwar falo.

Abin da ya sa na fi zargin yawan ruwa: fis lili ba ta ɓoye ƙishirwa. In ƙishi ne, ka ba ta ruwa da hantsi, kafin la'asar ta miƙe. Tunda an ba ta an sake ba ta ba ta tashi ba, ga kuma rawaya daga ƙasa, akwai magana a gindin.

Maman 'Yan Biyu: Malam na duba. Ƙasar jagab take, har ta manne min a yatsa. Tukunyar da ƙyar na ɗaga. Ashe ma biyu ce: ta roba ce a ciki, aka zura ta cikin ta tangaran mai ado. Ta robar tana da huji, ta tangaran ɗin babu. Da na zaro ta sai ga ruwa kwance a ƙasa ya kai rabin ɗan yatsa, baƙi, yana wani irin wari. Har da wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje suka tashi.

Mai Lambun Dadin Kowa: To ga shi nan. Ƙudajen nan ma shaida ne, a ƙasar da ba ta bushewa suke yin ƙwai.

Kawu na Pantami: Ikon Allah. Mu muna nan muna rigima da 'yan garuwa kan kuɗin jarka, wasu kuma ruwa ne ya yi wa fulawarsu yawa har ta shaƙe. Ni tambayata, ita wannan aba ana miya da ita? In ba a yi, a tuge ta a sa zogale ko ɗan gwanda. Gwamnati ma da ta fito da shirin Gombe Goes Green a 2019 bishiya ta ce a dasa, ba kayan ado ba.

Amaryar Nasarawo: Kai Kawu! Labulen falonka ma ai ba a miya da shi.

Kawu na Pantami: Labule ba ya shan ruwa, amarya.

Shugabar Zaure: Kawu a bar mata fulawarta. Wanda ke da zogale a tsakar gida ba a hana shi ɗan kore a falo ba. A ci gaba da bayani.

Maman 'Yan Biyu: Wani abin ma yanzu na ji. Yarinyar da ke taya ni aiki ta ce ita ma tana ba ta in ta gama goge falo. 'Yan biyu kuma duk ragowar fiya wata da suka sha a nan suke matsewa, wai suna tausayinta. Ashe mu huɗu ne a kanta.

Hajiya Babba: To wannan kam ya yi yawa, ban san haka ba ne. Amma ina nan kan bakana game da iska. Ku dubi hoton da kyau, bakin ganyen ya ƙone ya yi ruwan ƙasa. Wannan ba ruwa ba ne, bushewa ce.

Mai Lambun Dadin Kowa: A nan kam Hajiya tana da gaskiya, ko da rabi. Asalin shukar nan daga dazuzzukan Kudancin Amurka take, wajajen Kolombiya, inda take tsiro a ƙarƙashin manyan bishiyoyi cikin laima. Mu kuwa a Disamba da Janairu laimar iskarmu kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Dole bakin ganye ya ji a jikinsa. Inda na saɓa da Hajiya shi ne maganin. Bushewar iska ba a gyara ta da jiƙa ƙasa. A hunturu ma shukar ɗaki ta fi shan ruwa kaɗan, don dare da sanyi, hazo ya rage haske, girmanta ya ja baya. Wato lokacin da ido ke cewa a ƙara, lokacin ne ya kamata a rage.

Abin da ake wa iska: a tara tukwanen wuri guda su riƙa raba laima, a janye su daga bakin taga inda iskar asuba ke busowa, a riƙa goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma mai laushi, sama da ƙasa. Ƙurar nan tana tare haske. Kuma shukar ba ta son sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 13 ko makamancin haka, wanda dararen Janairu a nan kan kusanta.

Malamin Makaranta daga Bauchi: Sannunku. Ina bin zancen daga Yelwa. Ƙari kan batun sanyi: tawa a ofis take, daidai inda na'urar sanyaya ɗaki ke hurowa. Gefen da iskar ke duka ne kawai ya langaɓe, ɗaya gefen lafiya lau. Da aka matsar da ita kusurwa ta warware. In yaushi ya kama ɓangare guda, a dubi abin da ke wannan ɓangaren, ko na'ura ko fanka ko gilashin taga da rana ke gasawa.

Amma Malam ina da tambaya. Mu an koya mana a zuba tsakuwa a gindin tukunyar da ba ta da huji, ruwa ya sauka can. Da Maman 'Yan Biyu ta yi haka ai da ba ta shiga wannan ba.

Mai Lambun Dadin Kowa: Malam, wannan dabarar ta yaɗu amma ba ta fitar da kowa. Ruwa ba ya saurin barin ƙasa mai laushi ya shiga tsakuwa sai ƙasar ta cika ta batse. Sai ka ga ka rage wa saiwa wuri, ka kuma matso mata da jiƙaƙƙen ɓangaren sama. In ma ruwan ya sauka, ina za shi? Yana nan yana taruwa har ya taɓo saiwar. Huji dai shi ne huji. Tsingaro guda a kan hujin don kada ƙasa ta zube, wannan babu laifi.

Malamin Makaranta daga Bauchi: Ni dai na yi shekaru da tsakuwa a tawa ba ta mutu ba.

Mai Lambun Dadin Kowa: Wataƙila hannunka ba ya sakin ruwa ne Malam. Mai auna ruwa zai iya rayar da shuka ko a kwano. Wanda gidansa mutum huɗu ke bayarwa ba zai iya ba.

Maman 'Yan Biyu: Ku bar gardamar tsakuwa tukunna ku ce min yaya zan yi. Ta mutu ke nan?

Mai Lambun Dadin Kowa: Ba mu sani ba sai mun ga saiwa. Ki shimfiɗa buhu, ki kifa tukunyar robar a tafin hannunki ki bubbuga gindinta, shukar za ta fito da ƙasarta. Ki wanke saiwar a roba da ruwa mai tsabta a hankali. Mai lafiya fara ce ko ruwan madara, da ƙwari in kin taɓa. Ruɓaɓɓiya baƙa ce ko ruwan ƙasa, laɓo-laɓo, in kin ja ta sai bayanta ya saɓule ya bar wani siririn zare. Ki turo mana hoto.

Nas ta Herwagana: Yaya, kafin ki fara, ki kori 'yan biyu daga wurin. Fis lili da 'yar uwarta mai faffaɗan ganye da ɗigo-ɗigon fari, wadda ake ce wa dam ken, duk suna da wasu ƙananan tsinin gishiri a cikin ruwan jikinsu. Yaro in ya tauna, bakinsa zai yi zafi, leɓe da harshe su kumbura, miyau ya dinga zuba. Ta biyun ta fi tsanani. In ya faru a kurkure masa baki, a ba shi ruwan sanyi ko madara, in kumburin ya kai ga wahalar haɗiya ko numfashi a garzaya asibiti. Ke ma ki sa leda a hannu, kada ki sosa ido. Ganyen da kika yanke kuma kada a watsa wa akuya ko a bar wa kyanwa.

Kawu na Pantami: Kun ji ko? Ba a ci, tana shan ruwa, kuma guba ce. Zogale dai.

Amaryar Nasarawo: Kafin ta dawo a duba tawa don Allah. Ni ƙasar tawa ba jagab take ba. A bushe take ƙamas, har ta janye daga jikin tukunya, ana iya zura yatsa ta gefe. Kuma ina ba ta ruwa, amma ina zubawa sai in ga ya fito ta ƙasa nan take. Na ɗauka ta ƙoshi ne.

Mai Lambun Dadin Kowa: Taki kishiyar ta Maman 'Yan Biyu ce. Ƙishirwa ce zalla. Ƙasa in ta bushe ta wuce misali sai ta takure, ta daina karɓar ruwa, wanda kika zuba ya bi ta gefe ya fice bai taɓa saiwa ba. Musamman in laka ce. Baƙar ƙasar nan tamu ta kwarin Gongola, wadda ta yi suna da auduga, a gona alheri ce, a tukunya kuwa in ta jiƙe ta danƙare in ta bushe ta tsage. Masu sayar da fulawa da yawa ita suke cusawa a leda don ba sa sayenta.

Ki samo baho ki zuba ruwa ya kai rabin tukunyar, ki tsoma ta ciki minti 30, ko har ki ga saman ƙasar ya jiƙe da kansa. Ki fitar ki bari ta tsiyaye sosai kafin ki mayar. Ki ɗan sassoke saman ƙasar da tsinke.

Hajiya Babba: Ai ga shi, ita ruwa aka ce ta ƙara. Da na faɗa an ce ban sani ba.

Shugabar Zaure: Hajiya maganinki daidai ne, majinyaciyar ce aka saɓa.

Amaryar Nasarawo: Malam akwai kuma wani farin abu da ya bushe a saman ƙasar da bakin tukunya. Funfuna ce?

Mai Lambun Dadin Kowa: In ya yi ɓarzai-ɓarzai a yatsa, gishirin ruwa ne. Ruwan burtsatse a unguwanni da dama yana da nauyi, ruwan ya tafi ya bar gishirinsa, a hankali ya taru ya hana saiwa jan ruwa, bakin ganye ya ƙone. Ki kankare saman ki zubar, sannan lokaci-lokaci ki kai tukunyar tsakar gida ki kwarara mata ruwa da yawa ya bi ta huji ya wanke. In damina ta zo ki tari ruwan sama, babu kamarsa. Ruwan wanki mai Omo da ruwan goge ɗaki kada su kusance ta.

In kuma farin abin a jikin ganye yake, a hammatarsa, yana da danƙo, to ƙwari ne masu tsotso. Akwai kuma wasu 'yan mitsi-mitsi da ke son busasshiyar iskar nan, suna saƙa siririn yana a bayan ganye, ganyen ya yi ɗigo-ɗigo ya koɗe. Su ma suna sa yaushi. A wanke ganyen, a fesa ruwan da aka jiƙa dakakken 'ya'yan dogon yaro da ɗan sabulu kaɗan, da yamma, a maimaita bayan mako.

Maman 'Yan Biyu: Na dawo. Ga hoton. Fiye da rabi baƙi ne, yana saɓulewa kamar yadda ka ce, warin kuwa sai da na fita da shi waje. Amma ta gefe guda akwai farare masu kauri. Kuma ashe tushe biyu ne a haɗe.

Mai Lambun Dadin Kowa: Alhamdu lillahi, da sauran rai. Ki matsa gindin inda ganye ke fitowa. In da ƙwari za ta yi. Ki goge almakashi da sifirit, ki yanke duk baƙar saiwa har inda ta koma fara. Kada ki ji tausayi, wadda kika bari ita za ta harbi sauran. Ganyen da suka yi rawaya ki cire daga tushe, ki ƙara rage wasu daga tsofaffin, don saiwar da ta rage ba za ta iya ɗaukar nauyin duka ba.

Tsohuwar ƙasar ki zubar. Tukunyar ki wanke da Hypo, murfi ɗaya cikin murfi 9 na ruwa, ki ɗauraye sosai. In ta yi wa sauran saiwar girma ki nemi ƙarama, don ƙasa mai yawa a kan saiwa kaɗan ruwa take riƙewa. Kasko na yumɓu ya fi roba a hannu mai yawan bayarwa, yana shan iska ta jikinsa, sai dai a tabbata an huda gindinsa. Ta roba kuwa ƙusa mai zafi ta isa ƙara mata huji.

Haɗin ƙasa: kashi ɗaya ƙasar lambu mai laushi, kashi ɗaya yashin kogi mai gwari-gwari, kashi ɗaya buntun shinkafa da ya kwana biyu ko takin shanu da ya ruɓe har ya daina wari. Ki daddaka gawayi kaɗan ki haɗa. Ki dasa daidai zurfin da take a da, ki ba ta ruwa sau ɗaya ya fita ta ƙasa, shi ke nan. Ba za ta sake sha ba sai yatsanki ya ji saman ya bushe. Ki ajiye ta inda haske ke shiga amma rana ba ta taɓa ta.

Hajiya Babba: Kashin kajin fa? Marar lafiya ai abinci ake ba shi.

Mai Lambun Dadin Kowa: Hajiya, wanda aka yi wa aiki a ciki ba a fara shi da tuwon dawa. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi, zai ƙone yankakkiyar saiwa. Haka NPK da yuriya, a tukunya 'yan ƙwayoyi kaɗan sun isa su kashe shuka. A ba ta kamar mako 6, sai an ga sabon ganye ya leƙo, sannan a sa ruɓaɓɓen taki ɗan kaɗan a sama.

Hajiya Babba: Nawa ai ba ɗanye nake sawa ba, sai ya shekara a buhu.

Mai Lambun Dadin Kowa: To wannan mun daidaita, lokaci ne kawai ya rage.

Malamin Makaranta daga Bauchi: Maman 'Yan Biyu kada ki tsorata in kin ga gobe ta ƙara kwanciya. Dashe yana gigita su. Kuma ganyen da ya riga ya zama rawaya ba ya komawa kore, tsakiyar za ki riƙa dubawa.

Amaryar Nasarawo: Jama'a tawa ta tashi! Tun azahar na tsoma ta, yanzu ga ta tsaye, ganye biyu ne kawai suka ƙi. Malam Allah Ya saka da alheri. Wata tambayar: uwar mijina ta ce in fitar da ita daga ɗakin kwana, wai da dare tana shanye wa mutum iska.

Nas ta Herwagana: Da dare tana shaƙar iska kam, amma abin da take ɗauka bai kai na kyanwar da ke kwance a ɗakin ba. Masu cewa tana tace iskar ɗaki su ma sun zuzuta. Gwajin tace iska da shuke-shuke da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta yi a 1989 a cikin rufaffun akwatuna ne, ba ɗaki mai ƙofa da taga ba. Abin tsoro a ɗakin kwana da hunturu kaskon gawayi ne da janareto a bakin taga. Amma amarya, in Mama ta ce a fitar, ki fitar kawai ki kai falo.

Maman 'Yan Biyu: Na gama dashe. Da na zo yankan sai tushen biyu suka rabu da kansu, kowanne da 'yar farar saiwarsa, sai na sa su a ƙananan kasake biyu. Ta tangaran ɗin na ajiye ta a sito. Na kuma tara mutanen gidan na ce daga yau ni kaɗai ke bayarwa. Malam, buntun shinkafar sabo na samu wurin mai injin casa, ya yi?

Mai Lambun Dadin Kowa: Zai yi in bai wuce kashi ɗaya ba, sai dai kina iya ganin 'yar shinkafa ta tsiro, ki cire. Wani karon ki jiƙa shi ki bar shi a buhu ya yi wata guda tukunna.

Hajiya Babba: 'Yata, tunda biyu suka zama, in ɗayar ta kama ki aiko min da ita Jekadafari. Zan gwada ta da takina mu ga wa ke da gaskiya.

Maman 'Yan Biyu: An gama Hajiya. In ta fitar da sabon ganye zan ba direban makarantar yara ya kawo miki.

Kawu na Pantami: Wanda ke son irin zogale kuma ya yi min magana ta gefe, kyauta ne.